Tsoka nawa ce a jikin mutum, kuma wa ya raɗa musu waɗannan dogayen sunayen?

Wata ƙanwarmu da ke ajin farko a makarantar koyon aikin jinya ta turo tambaya, ta ce sun shiga darasin tsokoki a anatomi, wato ilimin sassan jiki, kuma abin ya sha mata kai. Wai tsoka nawa ce a jikin mutum tunda kowane littafi da nasa lissafin, waye ya zauna ya raɗa musu waɗannan sunaye masu karya harshe, sannan ya za ta yi ta riƙe su kafin jarrabawa ta ƙarato.

Toh ƙanwata sannu da fama. Ni ɓangarena fisiyo ne, gashin ƙashi in ji mutanen gari, da tsoka muke kwana da ita muke tashi, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki ajiye maganar hadda tukuna. Ɗalibin da ya ɗauki jerin sunayen nan yana ta nanatawa a baki zai iya cin jarrabawar fa, ban ce ba zai ci ba, amma sati biyu bayan nan ki tambaye shi ina tsokar take a jikinsa sai ya tsaya yana kallonki. Sunayen nan kusan duk bayani ne, kowanne yana faɗa miki inda tsokar take, ko siffarta, ko aikinta, illa dai da Latin da Girkanci aka yi bayanin, shi ya sa kike ganin kamar surkulle.

Maganar adadi, amsar da ba wanda zai kayar da ke a kanta ita ce sun haura 600. Wani littafin ya ce wajen 640, wani ya ce 650, akwai ma masu haura 800, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, yanayin ƙirgen ne ya bambanta. Akwai 'yan ƙananan tsokoki jere a tsakanin ƙasusuwan gadon baya, wani masanin zai ƙirga su a matsayin rukuni ɗaya, wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ba kowa ne ma yake da su duka ba, zan zo kan wannan. Duk wannan lissafin na tsokokin da ke motsa ƙashi ne, waɗanda kike sarrafawa da ganin damarki, kuma su ne kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin baligin namiji, na mace ya ɗan yi ƙasa da haka. Tsokar zuciya daban take, haka tsokar da ke bangon hanji da mahaifa da jijiyoyin jini, waɗannan ba sa neman izininki kafin su yi aiki, kuma ba su kika tambaya ba, mu bar su.

Kafin suna, ki fara sanin abin da ake ba wa sunan. Ran da aka yi yanka a gida ko kika bi ta wajen mahauci, ki karɓi ƙafar rago ta baya kafin a sassara ta, ki zauna da ita minti goma. Za ki ga naman ba dunƙule ɗaya ba ne, curi-curi ne, kowane curi da siririn farin tantani a lulluɓe da shi, in kika tura yatsa tsakaninsu sai su rabu salin alin ba tare da wuƙa ba. Kowane curi ɗin nan tsoka ɗaya ce mai suna. Ki bi ɗaya da yatsa zuwa ƙasa, za ki ga jan naman yana sirancewa har ya koma wata farar jijiya mai sheƙi mai taurin tsiya wadda ta je ta maƙale a ƙashi, ita ce tendon, ba ta da alaƙa da jijiyar jini ko jijiyar laka mai kai saƙo duk da dai duka jijiya muke ce musu. Yanzu ki riƙe ƙashin da hannu ɗaya ki ja wannan farar jijiyar, sai ki ga gaɓar ta motsa. Wallahi in kika yi wannan sau ɗaya kin gama rabin darasin. In kuma naman ya dahu lugub kika ga yana warwarewa zare-zare, zaren nan dami-damin ƙwayoyin tsoka ne, a cikin kowace ƙwaya akwai sinadaran furotin biyu, aktin da mayosin, da ke zamewa a kan juna su gajarta tsokar, bayanin da masana a Ingila da Amurka suka fito da shi a 1954. Sai da makamashi ma mayosin ke sakin aktin, shi ya sa gawa ke sandarewa 'yan awoyi bayan rai ya fita, masu wankan gawa sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Daga nan sai ƙa'ida ɗaya da komai ya rataya a kanta: tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Tana da tushe a ƙashin da bai cika motsi ba, wanda malamanku ke ce wa orijin, tana da makama a ƙashin da ake son motsawa, insashan ke nan, in ta tsuke sai ta jawo makamar zuwa wajen tushen. Don haka duk gaɓar da tsoka ta tsallaka ita take motsawa, wadda ba ta tsallaka ba babu ruwanta da ita. In ta bi ta gaban gwiwar hannu za ta lanƙwasa ta, in ta bi ta baya za ta miƙar da ita, kuma dole kowace ta samu kishiya a ɗaya gefen da za ta mayar da gaɓar. Kinga idan kin san tushe da makama ba sai kin haddace aikin ba, da kanki za ki fitar da shi.

Yauwa, sunaye. Ki duba yadda muke yi a unguwa in mutane sun yi tarayya a suna: Audu Dogo da Audu Gajere, Sani Tela, Musa na bakin kasuwa, Ladi ta gidan liman. Wani da tsayinsa aka bambanta shi, wani da sana'arsa, wani da inda yake zaune. Haka aka yi wa tsokoki sak. Na girma su ne maximus babba, medius matsakaiciya, minimus ƙarama, longus doguwa, brevis gajera, major da minor, vastus shirgegiya, latissimus mafi faɗi. Na wurin zama su ne brachii ta damtse, femoris ta cinya, pectoralis ta ƙirji, abdominis ta ciki, dorsi ta baya, gluteus ta ɗuwawu, oculi ta ido, oris ta baki. Kinga gluteus maximus ba wani abu ba ne illa babbar tsokar ɗuwawu, ita ce ma mafi girma a jiki duka, latissimus dorsi kuma mafi faɗin tsokar baya. Intercostal, tsakanin haƙarƙari. Akwai wani tudun ƙashi a bayan allon kafaɗa da ake ce wa spina, tsokar da ke samansa supraspinatus, ta ƙasansa infraspinatus, shi ke nan fa.

Sai na siffa, nan ne mutanen da suka ɗan yi nishaɗi. Deltoid ta kan kafaɗa daga harafin delta na Girkanci ne mai kusurwa uku. Serratus daga zarto, don gefenta haƙora-haƙora ne a kan haƙarƙari, a jikin ɗan dambe marar kitse ana ganinta ƙarara ƙasan hammata. Orbicularis mai zagaye, ɗaya ta zagaye ido ɗaya ta zagaye baki. Lumbricales na tafin hannu daga tana ne, tanar ƙasa, don sirara ne haka. Gastrocnemius, tsokar sha-raɓa, ma'anarta tumbin ƙafa. Ita kanta kalmar musculus ɗan ɓera take nufi, wai don yadda ƙwanji ke gudu a ƙarƙashin fata. Akwai kuma na inda zaren ya dosa: rectus miƙaƙƙe, obliquus a karkace, transversus a gicciye, kuma a bangon ciki kaɗai za ki same su duka ukun, rectus abdominis a gaba, ita ce samarin jim ke wahala a kanta, sai masu karkata biyu a gefe da mai gicciye a can ciki. Biceps kai biyu, triceps kai uku, quadriceps kai huɗu, kai a nan tushe ake nufi.

Wadda na fi so in fara koya wa ɗalibi ita ce sternocleidomastoid, don ita ce ta fi ba su tsoro kuma ita ta fi sauƙi. Ki tsaya gaban madubi ki juya fuskarki hagu sosai. A gefen dama na wuyanki za ki ga wata tsoka ta taso kamar a kama, daga bayan kunne ta gangaro a karkace zuwa ramin maƙogwaro. Ki sa yatsa a ƙasan, za ki ji ta rabu biyu, ɓari ɗaya ya sauka kan ƙashin tsakiyar ƙirji, sterno ke nan, ɗayan kan ƙashin nan da ke kwance daga ƙirji zuwa kafaɗa, cleido ke nan. Ki bi ta sama har ki ji wani ƙullutun ƙashi a bayan kunne, mastoid. Sunan nan mai tsawo adireshi ne kawai, daga ina zuwa ina. Kuma kin ga da idonki cewa ta dama ce ke juya fuska hagu, abin da ɗalibai da yawa ke juyawa a jarrabawa. Jaririn da ake kawo mana kansa a karkace gefe ɗaya tun haihuwa, yawanci ita ce ta gajarce a ɓari guda, kuma in an kawo shi da wuri motsa jiki da miƙarwa kan wadatar.

Na sana'a su suka fi yawa a hannu da ƙafa. Flexor mai lanƙwasawa, extensor mai miƙarwa, abductor mai ware gaɓa daga jiki, adductor mai matso da ita, levator mai ɗagawa, depressor mai saukarwa. Ki yi hattara da abductor da adductor, harafi ɗaya ne tsakaninsu kuma kishiyoyi ne. Ki haɗa da 'yan kalmomi kaɗan: carpi wuyan hannu, digitorum yatsu, pollicis babban yatsan hannu, hallucis babban yatsan ƙafa, indicis manuniya, radialis gefen babban yatsa, ulnaris gefen ƙaramin yatsa. Toh yanzu karanta min extensor carpi radialis longus. Mai miƙar da wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, doguwar. Tunda aka ce doguwar kin san akwai gajerar, kuma akwai ta, brevis. In kika ga superficialis ta sama-sama, ki nemi profundus ta can ciki. Tsokoki 20 ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, 8 a gaba 12 a baya, nan ne ɗalibai ke zubar da hawaye, amma da kalmomin nan da ba su kai goma sha biyar ba za ki karance kusan dukansu. Wani abin da zai ba ki mamaki, yawancin ƙarfin yatsu ba a tafin hannu yake ba, ki riƙe tsintsiyar hannunki ta sama kusa da gwiwa ki motsa yatsu ki ji inda ake aikin, dogayen tendon ne kawai ke tsallaka wuyan hannu su je su ja yatsun.

Mai sunan da ya fi kowanne tsawo 'yar mitsitsiya ce a gefen hanci, levator labii superioris alaeque nasi, mai ɗaga leɓen sama da gefen hanci, ita kike amfani da ita in kin yatsina fuska. Sartorius daga tela ne, don ita ke taimakawa wajen zaman tanƙwashe ƙafa irin na masu ɗinkin hannu, ta taso daga gaban ƙashin ƙugu ta ratsa cinya a karkace ta sauka cikin ƙwauri ƙasan gwiwa, ita ce mafi tsawo a jiki. Mafi ƙanƙanta kuwa stapedius ce a cikin kunne, ba ta kai santimita ɗaya ba, tana rage girgizar ƙara mai ƙarfi. Buccinator ta kumatu ma'anarta mai busa ƙaho, in kin taɓa kallon mai algaita a hawan salla kin ga inda take, kodayake aikinta na kullum shi ne matse kumatu ta mayar da abinci tsakanin haƙora, shi ya sa wanda shanyewar ɓarin fuska ta kama abinci ke taruwa masa a kunci. Tsokokin fuska ma ai sun saɓa wa ƙa'idar ƙashi zuwa ƙashi, a fata suke maƙalewa.

Waye ya raɗa? Ba mutum ɗaya ba ne, kuma da can ma ba suna ake ba su ba, lamba ce. Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, an haife shi a Fargamon cikin ƙasar Turkiyya ta yau a shekara ta 129, ya yi bayanin tsokoki da yawa amma birai da wasu dabbobi ya feɗe ba mutane ba, kuma sai dai ya ce tsoka ta farko ko ta biyu mai motsa gaɓa kaza. Iliminsa ne likitocin Musulmi irin su Ibn Sina suka tsara suka faɗaɗa, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa. A 1543 Andreas Vesalius, malami a jami'ar Fadua ta Italiya, ya fitar da babban littafinsa mai zane-zane daga gawar mutum da ya feɗe da hannunsa, ya gyara kurakuran Galen masu yawa, amma shi ma lamba ya ci gaba da ba tsokoki. Malaminsa na Faris, Jacobus Sylvius, wanda daga baya suka ɓata saboda taɓa Galen da ɗalibin ya yi, shi ake jingina wa fara ba su sunaye. Daga nan fa ƙofa ta buɗe, kowane masani a kowace ƙasa ya raɗa nasa, wani ya liƙa sunan malaminsa, har ya zama a ƙarshen ƙarni na 19 sunayen sassan jiki sun kai dubun-dubata, abu ɗaya sai ki same shi da suna biyar ko fiye. A 1895 masana anatomi masu magana da Jamusanci suka zauna a birnin Basel na Suwizalan suka tace su zuwa 5,000 da 'yan kai. An sake zama a Faris a 1955, sannan a 1998 aka fito da kundin da ake bi yanzu, Terminologia Anatomica, aka sabunta shi a 2019.

Wannan tarihin yana da amfani gare ki ta fuska ɗaya: shi ya sa za ki ga tsoka ɗaya da suna biyu. Tsohon littafin laburare zai ce peroneus longus, sabo ya ce fibularis longus, abu ɗaya ne, na farkon Girkanci na biyun Latin, kuma a asibiti har gobe peroneus za ki fi ji a bakin manya. Haka agara, babbar tendon ɗin dunduniya wadda ta fi kowace kauri a jiki, a kundin hukuma tendo calcaneus ce don an cire sunayen mutane, amma ba likitan da zai fasa ce mata Achilles. Shawarata ki bi wanda malaminku ke amfani da shi, ki san ɗayan a gefe. Kuma kar ki ɗauka an gama binciken, ko a 2021 wasu masana a jami'ar Basel ɗin nan sun bayyana wani sashe na uku a can cikin masseter, tsokar tauna, wadda littattafai suka saba cewa sashe biyu gare ta.

Sai dai fa kar ki yarda da suna ido rufe, wani lokacin rabin gaskiya yake faɗa. Kowa ya ɗauka biceps ce sarauniyar lanƙwasa gwiwar hannu, alhali brachialis da ke ɓoye ƙarƙashinta ita ce ke aikin a kowane hali. Ki lanƙwasa gwiwar hannunki, tafin yana kallon ƙasa, ki ɗora ɗaya hannun kan ƙwanjin, sannan ki juya tafin sama yadda kike yi in za ki yi addu'a. Kin ji yadda biceps ɗin ta dunƙule ta hau sama? Wannan juyin shi ne babban aikinta, don a ƙashin radius ta maƙale, na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ta gefen babban yatsa, shi ne ƙashin da ke juyawa. Brachioradialis tana zaune cikin rukunin masu miƙarwa, jijiyarsu ɗaya, amma ita lanƙwasawa take yi. Rectus femoris ita kaɗai cikin 'yan huɗun gaban cinya ta tsallaka gaɓar ƙugu, don haka bayan miƙar da gwiwa tana ɗaga cinya, sunanta bai gaya miki wannan ba, tushe da makama ne za su gaya miki. Sannan biceps biyu ne a jiki, brachii a damtse, femoris a bayan cinya, in kika rubuta biceps kawai a jarrabawa mai tsanani zai rage miki maki kuma yana da gaskiya.

Na ce ba kowa ke da su duka ba. Gwada wannan yanzu: haɗa kan babban yatsa da ƙaramin yatsa ki ɗan lanƙwaso wuyan hannun. In wata siririyar jijiya ta taso a tsakiyar wuyan hannun, palmaris longus ce. Mutane da yawa ba su da ita, a hannu ɗaya ko duka biyun, littattafai kan ce wajen mutum 1 cikin 7 amma abin ya bambanta sosai daga al'umma zuwa al'umma, kuma rashinta ba ya rage ƙarfin riƙo, shi ya sa ma likitocin tiyata ke ciro ta su yi gyara da ita a wani wurin. Ki gwada 'yan ajinku gobe, za ki ga yadda za a yi ta duba hannu. Haka psoas minor da plantaris, wasu na da su wasu babu.

Tunda jinya kike karanta bari in tsaya a inda sunayen nan za su zama amana a hannunki, wato allura. Uku za ki fi hulɗa da su. Deltoid a kafaɗa, ta manya ce da yara da suka tasa, kamar yatsu biyu zuwa uku ƙasa da tudun ƙashin kafaɗa, kuma ba ta ɗaukar magani mai yawa. Vastus lateralis, gefen cinya ta waje, nan ake yi wa jarirai, shi ya sa kika ga rigakafin penta a cinya ake yin sa, don tsokar ɗuwawun jariri ba ta gina ba tukuna kuma jijiya na kusa. Sai ɗuwawu, inda ake ta'adi. Jijiyar sciatic, mafi kauri cikin jijiyoyin laka, tana fitowa ne ta ƙarƙashin wata 'yar tsoka piriformis a can cikin gluteus maximus ta gangara bayan cinya. Shi ya sa ake cewa ki raba ɗuwawu gida huɗu ki yi a na sama ta waje, kuma da yawan masana yanzu sun fi son a koma gefen ƙugu gaba ɗaya, cikin gluteus medius, inda jijiyar ta yi nisa. Yaran da ake kawo mana bayan an yi musu allurar zazzaɓi a kemis ko a gida, uwa ta ce tun ranar ƙafar ta saki, yaro na tafiya yana jan yatsu a ƙasa ko yana ɗaga gwiwa sama don kar ya yi tuntuɓe, abin da ya faru shi ne allurar ta taɓa jijiyar, saƙo ya daina isa tibialis anterior da 'yan uwanta masu ɗaga tafin ƙafa. Wasu su warware bayan watanni na gashi, wasu kuma har girmansu. Gaskiya wannan na cikin abubuwan da ke ƙona min rai, don tazarar da ke tsakanin lafiya da nakasa a nan ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba.

Yadda za ki karanta kuwa, kar ki bi su ɗaya-ɗaya daga kai zuwa ƙafa, ki bi su gida-gida. Hannu da ƙafa a rarrabe suke ɗaki-ɗaki da wannan farin tantanin da kika gani a ƙafar rago, kuma yawanci 'yan ɗaki ɗaya aikinsu ɗaya jijiyarsu ɗaya. Gaban cinya masu miƙar da gwiwa ne, jijiyarsu femoral. Cikin cinya masu matsowa, obturator. Bayan cinya masu lanƙwasa gwiwa, sciatic. Gaban damtse musculocutaneous, bayan damtse da bayan tsintsiyar hannu duka radial, shi ya sa wanda ya karye a tsakiyar ƙashin damtse wani lokacin za ki ga wuyan hannunsa ya faɗi ya kasa ɗagawa. Ki fara da ƙasusuwa tukuna, wanda bai san tudu da kwarin ƙashi ba wahalar banza zai sha a tsoka. Kowace kika karanta ki nemo ta a jikinki ko na ƙawarki ki sa ta aiki ki taɓa, wadda ba ta taɓuwa ki zana ta ko da zanen bai yi kyau ba, layi ɗaya daga tushe zuwa makama ya isa. In makarantarku na da ɗakin gawa ko ko da mutum-mutumin roba ne, ki riƙa shiga, kar ki tsaya daga baya kina leƙe.

Abin da ya rage wanda dole sai an haddace shi ne 'yan tawaye, kuma su malamai ke so a jarrabawa. Mafi shahara suna gaban tsintsiyar hannu: duk ɗakin na jijiyar median ne, in ban da flexor carpi ulnaris da rabin flexor digitorum profundus na ɓangaren ƙaramin yatsa, waɗannan na ulnar ne. Ita ulnar ɗin kin san ta ai, ita ce in kika bugi gwiwar hannu a gefen tebur kike jin shokin har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, kuma yawancin ƙananan tsokokin cikin tafin hannu ita ke ba su saƙo, sai ki rubuta wannan ma a gefen littafinki.